Zauren Makanike: Ina Zan Samu Kayan Ƙafar Pijo 504?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Da fatan kana lafiya, da iyali da yaran gareji. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana Pijo 504 salun haɗin Kaduna, wadda ya saya a farkon shekarun 1980. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana suka ce a sayar wa 'yan gwangwan, ni kuwa na ce a saka mini ita a kasona. Na gyara inji, yanzu bugu ɗaya take tashi. Matsalar ƙafa ce. Gaba na ƙara ƙwas-ƙwas da na hau gargada, bayanta ya zauna ta ɓangaren direba, ranar da na gangara Hawan Kibo kuwa sai da na ƙanƙame sitiyari da hannu biyu saboda yawon da take yi. Na shiga kasuwa, wani ya ce an daina yin kayanta, wani ya fito mini da kaya a kwali mai hoton zaki yana rantsuwa orijina ne, makanikena kuma ya ce a ɗora mata ƙafar wata motar zamani kowa ya huta. Baba, ina zan samu na ƙwarai, kuma maganar wa zan kama? Ɗanka, daga Anguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, kai kuma Ya yi maka albarka da ka hana a ɗora ta a sikeli.

Wanda ya ce maka an daina yin kayanta, rabin gaskiya ya faɗa. Faransawa sun fito da 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma tun 1983 suka daina yin salun ɗinta a can. To amma Ajantina ta ci gaba da yin ta har 1999, mu nan kuwa masana'antar Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ba ta sauke ta daga layi ba sai tsakiyar shekarun 2000. Motar da aka yi wajen shekara talatin ana haɗawa a ƙasarka, gwamnati ta saya, 'yan tasha suka saya, malaman makaranta suka ci bashi suka saya, ba za ka rasa kayanta ba. Wahalar ita ce rarrabe na ƙwarai da tarkace, kuma ba daga bakin mai shago za ka ji wannan ba.

Kafin ka sake taka kasuwa, ka hau da ita kan rami ka shiga ƙarƙashinta da tocila, kai da kanka, ba aike ba. Suna ɗaya ne, amma bayansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda kowace tayar baya ke da nata hannun, tukunyar bak-aksul na ɗaure a jikin mota, shaf biyu sun fito daga cikinta zuwa tayoyi. Akwai kuma mai aksul guda, miƙaƙƙe daga taya zuwa taya. In ka kasa ganewa, cire tayar baya ka dubi birki: ta farkon faifai ne, ta biyun dram. Wagon tana da aksul guda da koyil huɗu a baya, biyu kowane gefe, shi ya sa take ɗaukar fasinja bakwai da kayansu daga tashar Bauchi Road ba ta durƙusa ba. A-kori-kura kuwa sifirin mai falle-falle gare ta irin na babbar mota. Kada ka ce takardun mota za su gaya maka wacce ce taka. A shekara arba'in hannuwa da yawa sun shiga ƙarƙashin motar nan, mai yiwuwa ma an taɓa sauya mata aksul gaba ɗaya, mahaifinku bai ga dalilin ba ku labari ba. Ka ɗauki hoton komai da waya, ka kwafe lambobin farantin da ke cikin bonet, duk abin da za ka sauya kuma ka kwance tsohon ka tafi da shi a leda. Ko boljoyin ɗin gaba ba fasali ɗaya aka yi ta yi ba tun daga farko har ƙarshe. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Ka ajiye naka kusa da nasa a kan kanta, idonka ya yi hukunci.

Ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Kayan ƙafa ba wuri ɗaya ake saye ba, domin ƙarfe da roba ba tsufa ɗaya suke yi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, wannan gaskiya ne a kan ƙarfen Pijo. Hannun ƙasa, sandar sitabilaiza, hob, jikin siturot, ƙarfen da ke riƙe da bak-aksul, duk waɗannan in ka samu na tsohuwar motar da aka yanka, ba lanƙwasa ba tsatsa ba walda, ka saya ka gode wa Allah. Sun fi yawancin sababbin da ake zubawa a kwali yau nauyi da nagarta. Ka ɗauki tsohon hannu a dama, sabon kwali a hagu, za ka ji bambancin kafin kowa ya buɗe baki.

Amma roba ba ta san wannan karin maganar ba. Bushin ɗin da ke jikin hannun da ka sayo sa'an na motarka ne, tare suka sha rana, tare suka mutu. Har wanda ba a taɓa ɗaurawa ba ma, wanda mai shago zai zaro daga can ƙuryar sito yana kaɗe masa ƙura yana cewa tun na Kaduna ne, in ya shekara ashirin ƙarƙashin kwano ya riga ya ƙeƙashe. Orijina ne, ban musa ba, amma mataccen orijina ne. Ka danna masa farcen babban yatsa. Mai rai zai ɗan shiga ya dawo, ba zai bar shaida ba. Wanda ya bushe ba zai amsa ba ko kaɗan, in ka matsa gefensa a haske kuma za ka ga tsagu sirara kamar gashi. Jabu shi ma yana da nasa alamun: laushi fiye da kima, baƙi na goge maka a yatsa, kuma in ka sa sukudireba tsakanin robar da bututun ƙarfen da ke tsakiya sai su rabu. Na ƙwarai a manne suke tun daga masana'anta, ba sa rabuwa sai an ƙona. Mu nan Jos sanyin Disamba ne ke tona asirin busasshiyar roba. Da safe in ka fito daga gida ka ji ƙafa na kukan ƙiiƙ-ƙiiƙ, rana ta ɗaga ta yi shiru, ba sai ka tambayi kowa ba.

Za a kawo maka maganar bushin ɗin da ake sassaƙawa daga tayar babbar mota. Ba zan raina masu wannan sana'a ba, sun fitar da direbobi da yawa kunya a kan hanya. A robar sitabilaiza na yarda da shi, ko ya mutu ƙara kawai zai yi. A hannun ƙasa ban yarda ba, domin bushin ɗin wurin shi ke riƙe taya a inda aka saita ta, in yana motsi tayar ma motsi take yi, ga yawon da ka ji a Hawan Kibo. Akwai kuma masu launi, ja ko shuɗi, da samari ke yayi. Suna daɗewa, amma tauri gare su, za su kwashe laushin nan da aka san 504 da shi, wanda shi ne dalilin da ya sa tsofaffi har yau ba su daina yabonta ba. Ni dai baƙar roba sabuwa ta kamfani mai suna nake sawa.

Boljoyin da kan tayarod, waɗannan biyun babu ciniki a kansu: sababbi, kuma mafi tsadar da aljihunka zai iya. Ka ɗaga gaban da jak, ka tokare da abin da ba zai zame ba, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka kama ta dama da hagu. Yaro ya sa hannu a kan boljoyin yana ji, kai kuma ka zura ƙarfen cire taya tsakanin hannu da hob ka ɗan ɓanɓara. In akwai wasa, ko kaɗan ne, ya gama aiki. Na san akwai masu buɗe shi su cusa leda ko guntun roba, su bubbuga bakin da guduma su ɗiga walda, su ce sun matse shi. Kwana kaɗan zai yi shiru. Ranar da zai saki ba ya sallama, taya kawai za ta kwanta ta shige ƙarƙashin mota, kuma ba a gareji take yin haka ba, sai kana kan gudu da iyali a baya. Duk makaniken da ya kawo maka wannan shawara, ka gaishe shi da aiki ka ja motarka.

Shokazoba kuwa a nan ka yi sa'a. Pijo na cikin kamfanoni ƙalilan da suke ƙera tasu da kansu a wancan zamani, kuma ta gaban 504 an yi ta ne yadda za a iya kwancewa. Akwai babban noti a saman bututun, in an kwance shi kayan cikin za su fito, a zubar da tsohon mai, ko dai a sauya sil a zuba sabo, ko a zura sabon katirij a ɗaure. Saboda haka kada ka yar da jikin siturot ɗinka don an ce shokazoba ta mutu. Abin da za ka duba a jikinsa biyu ne: farantin da koyil ke zama a kai bai ci tsatsa ba, kuma bututun bai lanƙwashe ba. Wanda ya taɓa dukan rami da ƙarfi yakan ɗan karkace, ido ba ya gani sai taya ta fara cin gefe ɗaya, a yi ta alaimen a banza. Katirij na kamfanoni irin su KYB, Monroe da Sachs shi za ka tambaya. Ta baya kuwa sabuwa ake sawa, kuma biyu tare. Komai na ƙafa biyu-biyu ake sauyawa, dama da hagu, ko da ɗaya ne ke kuka.

In dole ta sa sai ta hannu, ga yadda ake gwada ta. Ka tsayar da ita a tsaye yadda take zama a mota, ba a kwance ba, ka taka ƙasan da ƙafa, ka ja ka danna sau da yawa har man ya daidaita. Ya kamata ta yi maka gardama tun daga farko har ƙarshe, kuma ja ya fi dannawa wuya. In ka ji wani wuri da ta tafi fayau babu nauyi sannan ta kama, iska ce a ciki, mai ya tsiyaye. Ka zaro sandar duka ka bi ta da farce. Ƙarzuwa ɗaya ko ɗigon tsatsa ya isa ya yanke sil cikin mako. Kuma ka ji tsoron fenti. A wata kasuwa da ba zan kama suna ba na tarar da yaro a bayan shago ya jera tsofaffin shokazoba a kan kwali, ya wanke su da fetur, yana fesa musu baƙin fenti, ɗan'uwansa na gefe yana zura su a leda yana liƙewa da kyandir. Har kan notin da zaren duk fenti ya rufe. Masana'anta ba ta fenta zare. Wannan kaɗai in ka riƙe zai tsare maka kuɗi masu yawa.

Zaman da bayanta ya yi ta gefen direba, kada kowa ya sayar maka da shokazoba a kansa. Ba ita ke ɗauke da nauyin mota ba, sifirin ne. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, iskar tayoyi daidai, but babu kaya, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin modigad a kusurwa huɗu, ka rubuta. Wani lokaci laifin ma na gaba ne, shi ke karkatar da bayan. In an sauke koyil ɗin ka tsayar da su biyu a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, gajeren shi ne ya gaji. Ka duba robar da yake zama a kai, da ƙarshen zoben ƙasa, wurin da yakan karye a ɓoye cikin laka. Koyil na hannu ba laifi, muddin biyun daga mota ɗaya suka fito, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, yawan zobe ɗaya. Amma ka tambayi tarihin motar. Wadda ta ƙare rayuwarta tana jigilar dankali daga Bokkos da Mangu ba abin da ya rage a sifirin ɗinta. Kada a gasa shi da wuta a ce za a miƙar da shi, wuta kashe ƙarfen sifirin take yi. Kada kuma a sa maka na wagon a salun don ta ɗaga, za ta ɗaga ɗin, amma bayan zai riƙa tsalle.

To, ina za ka nema? Ka fara da gida. Dilimi da garejojin Farin Gada, ka nemi dattijan da suka yi zamanin Pijo, ba yaron da ya buɗe ido ya ga Toyota ba. A kowace kasuwa akwai mutum ɗaya ko biyu da kowa ya san su da kayan Pijo, tambaya uku za ta kai ka gabansu. Ka kuma sa ido a bayan gidaje da tsofaffin ma'aikatu, 504 nawa ke kwance a kan duwatsu ciyawa ta fito ta cikinsu. Irin waɗannan su ne taskarka. Sau da yawa sayen matacciya guda sukutum ya fi sayen kaya ɗai-ɗai sauƙi, ka kwashe ƙarfen da kake so, ragowar ka miƙa wa 'yan gwangwan ɗin da 'yan'uwanka ke so tun farko. In Jos ta gaza, Panteka a Kaduna ita ce ta gaba, dalili kuwa a bayyane yake, a garin aka haife ta. Sai Kofar Ruwa a Kano. Sababbin roba da boljoyin kuma, yawancin abin da ke shagunanmu daga Ladipo a Legas ko Nnewi yake hawowa, in kana da amintacce a can ka rage hannu ɗaya. Kada ka manta da maƙwabta masu Faransanci. Maraɗi da Kwatano sun riƙe Pijo da daɗewa, kuma ƙarfen da ya tsufa a busasshiyar ƙasa irin Nijar ya fi wanda ya fito daga Turai lafiya, domin can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarƙashin mota. Kalmar Beljiyam, wato kayan hannu daga Turai, ba ta burge ni a kan 504. Nasu sun daɗe da ƙarewa, da yawansu ma nan Afirka aka kawo su.

Ka riƙa tambayar kayan 505 ma. Ta fito a 1979 a kan tsarin 504, kuma akwai abubuwan ƙafa da suke shiga juna. Ba duka ba, saboda haka awo ne zai raba, ba rantsuwa ba.

In kana da ɗan'uwa a Turai ko kana iya saye ta intanet, da lamba ake nema, ba da suna ba. Lambar kayan tsofaffin Pijo huɗu ce, sai ɗigo, sai biyu. Huɗun farko su ke faɗin dangin abin: 3640 boljoyin, 3817 kan tayarod, 3523 bushin ɗin hannu. Biyun ƙarshe su ke bambanta na wannan mota da na waccan, a nan ake yin kuskure, don haka ka tura hoton naka da awonsa kafin ka biya. A Sochaux, garin tsohuwar masana'antar Pijo a Faransa, akwai gidan tarihinsu, L'Aventure Peugeot, kuma suna da sashen sayar da kayan tsofaffin motoci. Ajantina ma har yanzu akwai masu yin kayanta. Shawarata, ƙananan abubuwa marasa nauyi kawai za ka yi oda, roba da sil da boljoyin. Ƙarfe mai nauyi kuɗin jirgi da na kwastan za su ninka maka shi, alhali yana nan kwance a Panteka.

Kwali mai hoton zaki kuwa, ɗana, buga kwali ba wuya. Ka duba jikin abin, ba rigarsa ba. Na kamfani yana da tambari da lamba a zane cikin ƙarfen, zaren noti sumul, robar da ke rufe boljoyin mai kauri da zoben waya. Ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in bai shiga ba za ka dawo da shi, ka karɓi rasit. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba ka amsa.

Saura makanikenka da ƙafar motar zamani. Ban goyi baya ba. Wannan ƙafar da yake so ya yar, ita ce ta ci gasar Safari a Kenya a 1975 da Ove Andersson a sitiyari, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. An auna ta ne da nauyin motar, da tsawonta, da bututun nan da farfela ke gudu a cikinsa har zuwa bak-aksul. Da zarar an fara yanka da walda don a zaunar da abin da ba nata ba, alaimen ba zai sake zama ba, kuma ranar da wani abu ya lalace ba wanda zai san kayan wace mota zai nema. Darajarta ma ta zube, domin mai son tsohuwar mota yadda take yake son ta. Ina zaton ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, bai saba da ita ba ne. Ka bar masa inji in kana jin daɗin aikinsa, ƙafa ka kai wa tsohon hannu.

Ranar ɗauri ka tsaya a wurin. Bushin da firas ake shigar da shi, ba da guduma ba, kuma da ruwan sabulu, ba giris ko baƙin mai ba, su ke narkar da roba. Kada a ƙarasa ɗaure notin hannu mota na rataye a jak. A sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, a ɗan jijjiga ta, sannan a ɗaure tamau. In aka ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe, wata biyu ta yage, ka koma kana zagin mai shago alhali ba laifinsa ba ne. Koyil ɗin gaba kuma a matse shi da abin matse sifirin na gaskiya, ba igiya ko waya ba, yana iya fasa wa mutum fuska. Daga nan kai tsaye wurin alaimen. In kuɗi ba su isa a yi duka lokaci ɗaya ba, boljoyin da tayarod tukuna, sai bushin, sai shokazoba, koyil ya jira. Ka duba shekarun tayoyin ma, lamba huɗu ce a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Motar da ta daɗe a ajiye tayarta na iya zama da zane kamar sabuwa alhali ta mutu. Kafin a gama duk wannan, ka bar Hawan Kibo ya huta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana yana da Marsandi V-boot da ya ƙi rabuwa da ita, ni ce kuma nake kai yara makaranta da ita. Bayanta na rawa in na taka rami ko na saki totur a kwana. Makanike a Apo ya ce ƙarfe ɗaya ne ya mutu, a sayo na Beljiyam. In yarda? Daga Kubwa, Abuja.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. A gaida Alhaji, a ce masa ina bayansa, ba motar rabuwa ba ce.

Bayan V-boot ƙarfe biyar ne ke riƙe kowace taya, goma ke nan gaba ɗaya, tsarin da Mercedes ta fara sawa a ƙaramar 190 a 1982. Kowane ƙarfe da roba a bakinsa. Mai yiwuwa makanikenki ya yi gaskiya cewa ɗaya ne ya fi lalacewa, amma sauran tara sa'anninsa ne. An daina yin salun ɗin motar nan tun tsakiyar shekarun 1990, don haka duk na Beljiyam da za a kawo miki robarsa ta kai shekara talatin ko ta kusa, sai dai in an taɓa sauyawa a can, kuma ba mai iya rantse miki. Abin da ya mutu roba ce, to me za a saya a tsohon? Ki sa a sayo sababbi, in da hali saiti guda, in babu hali a sauya wanda ya mutu da takwaransa na ɗaya gefen. Lemförder na cikin masu yi wa Mercedes kayan ƙafa tun asali, shi za a fara tambaya a Apo ko Zuba, kuma a duba tambarin a jikin ƙarfen. Yawancin lambobin kayan motarki da 124 suke farawa, bayan harafin A.

Ki ce ya duba manyan robobi huɗu da ke riƙe da gadon bayan gaba ɗaya a jikin mota. Rawar da kika ce tana yi in kin saki totur ta fi kama da nasu aikin. In kuma wagon ce, shokazobar bayanta da mai take aiki daga famfo, ba a sa mata ta salun.

Tunda yara kike ɗauka, ga wanda ba ki tambaya ba. Boljoyin ɗin ƙasa na gaban V-boot nauyin mota na bi ta kansa, kuma ya shahara da saki in robar da ke rufe shi ta yage ruwa ya shiga. In sitiyari ya fara nauyi ko yana ƙara in kina juyawa a tsaye, kada ki jira Alhaji ya dawo daga tafiya, ki kai ta a ranar.

TAMBAYA: Baba, na sayi tsohuwar Volkswagen Beetle, bayanta ya zauna. Na zagaye kasuwa neman koyil ɗinta ban samu ba. Daga Bukuru.

AMSA: Ba za ka samu ba, ɗana, domin ba ta da shi a baya. Sandar ƙarfe ce a kwance cikin bututu, murɗuwarta ita ce sifirin. Bakin sandar yana da haƙora ciki da waje, wanda ya san aikin zai zare ta ya juya haƙoran ya mayar, motar ta ɗaga ba ka sayi komai ba sai robobin da ke riƙe da murfin. A yi gefe biyun daidai, a auna kusurwar da ma'auni, ba da ido ba, kuma a yi hattara da farantin, a ɗane yake, yana karya yatsa. Gabanta, in ba samfurin 1302 ko 1303 ba ce, falle-fallen ƙarfe ne cikin bututu biyu, abincinsu giris, ka nemi kawunan ka cika su har tsohon ya fito. Kayanta ba sa wuya, Meziko ba ta daina yin motar ba sai 2003, kuma har yau ana yin sababbi. Ka dai duba ko gaban naka mai boljoyin ne ko mai kinfin kafin ka yi oda, ba sa shiga juna.